Bayan “Ya mai jiki?”: kwana takwas a ɗakin yara a Dutse

Sai ƙarfe huɗu na yamma ake buɗe wa masu dubiya ƙofa, amma tun bayan azahar suke fara taruwa. Mata da kuloli a ɗaure cikin ɗankwali, maza da ledar lemo da ayaba, ga wani dattijo rungume da fulas kamar wanda aka ba ajiyar marayu. Mai gadi yana kan benci, sandarsa tsakanin ƙafafu, amsarsa ɗaya ce ga kowa: likita bai fito ba, a yi haƙuri. A cikin wannan taro na tsaya a watan Satumban bara, a wani asibiti a Dutse, ni ma da tawa ledar. Ɗan ƙanina aka kwantar, yaro ɗan shekara 3, daga wani ƙauye a bayan Kiyawa.

Cikin dare suka kawo shi a kan babur, uban yana tuƙi, kakar tana baya ta ƙudundune shi a zane. Kwana huɗu ke nan yana zazzaɓi. Ranar farko an karɓo sirof a kemis ɗin ƙauye, jiki ya ɗan yi sanyi, aka ce alhamdulillahi. Rana ta uku ya daina karɓar koko. Rana ta huɗu bayan isha’i ya fara jijjiga, ido ya kakkafe, haƙora suka datse. Sai a lokacin aka tayar da babur. Ban ga laifin kowa ba a wannan lissafi, don duk wanda ya tashi a ƙauye ya san yadda ake auna zazzaɓin yaro da kuɗin mai da aikin gona, ana fatan gobe zai tashi da kansa. Sau tara yakan tashi. Wannan ne na goman.

Da aka buɗe ƙofa muka dunguma ciki. Abin da ya fara tarbata warin maganin wanke ƙasa ne haɗe da na kunu da ya kwana. Gadajen cike suke, wasu yara bibbiyu, kai da ƙafa. Yaronmu yana can kusa da taga. An ɗaure masa allurar ƙarin ruwa a bayan hannu da filasta, an tallafe hannun da guntun kwali don kada ya lanƙwasa, ga siririn bututun iskar oksijin a hanci. Tafin hannunsa na kalla. Fari ne fat, kamar na wanda ya yini yana dakan gari. Kakarsa, wadda duk muke kira Inna, tana zaune a tabarma a gindin gadon tana kore masa ƙuda da gefen mayafi. A gadon da ke maƙwabtaka da su wata yarinya ce da ba ta fi shekara 2 ba, ƙafafunta a kumbure, gashinta ya yi ja ya zube. Uwarta tana zaune a gefen katifa, ba tabarma, ba kula, ba kowa.

“Sannu Inna, ya mai jiki?”

“Da sauƙi, alhamdulillahi.”

Bahaushe ba ya cewa babu sauƙi. Ko rai yana hannun Allah, “da sauƙi” za ka ji, kuma ba ƙarya ake yi maka ba. Ladabi ne ga Ubangiji da kuma gudun ɗora wa baƙo nauyi. Sai dai mai dubiyar da ya karɓi wannan amsa ya sa a aljihu ya juya, bai dubo kowa ba. Wani da ke bayana ya ce Allah ya sa kaffara ne, sai Inna ta ɗago ta dube shi, ta ce wane zunubi gare shi? Aka yi ’yar dariya, ita ce kaɗai dariyar da na ji a ɗakin a ranar. Gaskiyarta kuwa. Kalmomin dubiyarmu kusan duk don manya aka ƙera su. Idan yaro ne a kwance, mai buƙatar a rarrashe shi yana zaune ne a ƙasa, a kan tabarma.

Ba mu kaɗai ba ne, kuma ba a bara aka fara ba. Binciken lafiya da yawan jama’a na ƙasa na 2018 ya nuna cewa cikin kowane yara 1,000 da aka haifa da rai a Jigawa, 213 ba sa cika shekara 5, alhali a ƙasa baki ɗaya 132 ne. Wato ɗaya cikin biyar, har da ɗoriya. Binciken ya kuma ce kashi 64 cikin 100 na ƙananan yaran jihar sun tsumbure saboda ƙarancin abinci mai gina jiki. Daga Agusta zuwa Oktoba abubuwa biyu ke haɗuwa a kan yaro: sauro ya yi yawa, rumbu kuma ya yi ƙasa kafin sabon gero ya shigo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 Nijeriya ita kaɗai ke ɗauke da kusan kashi 27 cikin 100 na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya, da kusan kashi 31 na waɗanda yake kashewa, kuma mafi yawansu ƙananan yara ne. Shi ya sa ake bi gida-gida da damina ana raba wa ’yan wata 3 zuwa wata 59 maganin rigakafi sau ɗaya a wata. Mai rabo yakan ba da na ranar farko a gabansa, ya bar wa uwa na kwana biyu. Na tambayi ƙanina ko an kai musu. Ya ce an kai, yaron ya tofar da na farko, sauran kuma suna nan a saman kwabet.

Jini

Wata ma’aikaciyar jinya ce ta yi mini bayanin farin tafin hannun, tana rubutu a fayil ba ta ko ɗago kai ba. Ƙwayar cutar tana shiga jajayen ƙwayoyin jini ne, ta hayayyafa a ciki, ta fasa su ta fito ta nemi wasu. Yaron da dama jininsa bai cika ba, kwana huɗu sun isa su kai shi inda zuciya za ta riƙa bugu da sauri tana neman abin da za ta tura ta rasa. Shi ne numfashin nan sama-sama. Maganin cutar kanta akwai shi, allurar atesunet, ana yi a take, a sake bayan awa 12, a sake bayan awa 24. Wani babban gwaji da aka buga sakamakonsa a 2010, wanda ya haɗa yara fiye da 5,000 a ƙasashen Afirka tara har da Nijeriya, ya nuna ta fi kwinin ceton rai da kusan kashi 22 cikin 100, kuma daga nan ne aka koma kanta. Amma allura tana kashe cuta ne, ba ta mayar da jinin da ya riga ya tafi. Wannan sai a jikin mutum ake samo shi.

Ƙa’idar kusan ko’ina ɗaya ce a asibitocinmu: in za a ba ɗanka leda ɗaya, ka kawo wanda zai mayar da leda ɗaya. An gwada uban, aka ce nasa bai isa a ɗiba ba, mutum ne da ya kwana uku bai ci abin kirki ba. Uwar tana shayar da jaririya. A daidai wannan lokaci mu masu dubiya mun kai goma sha biyar a baranda, maza majiya ƙarfi sun fi rabi. Da ƙanina ya fito ya faɗi abin da ake nema, sai na ga abin da ban taɓa zaton gani a danginmu ba. Wannan ya tuna bai yi la’asar ba. Wancan ya ce shi dama yana fama da jiri. Wani ya ce ai an ce in aka ɗibi jinin mutum ba ya sake komawa daidai. Kafin a ce kwabo baranda ta yi fili, sai ledojin lemo jingine da bango. Ni ma, in faɗi gaskiya, sai da gabana ya faɗi, don ban taɓa bayarwa ba. Wanda ya riga ni miƙewa wani ɗan acaɓa ne, abokin ƙanina na majalisa, wanda ko leda bai riƙo ba. Ya ce, “Yaya, muje a gwada mu, wanda ya dace shi ke nan.” Nasa ne ya dace.

Abin bai kai yadda ake tsoronsa ba. Ana ɗibar abin da bai kai rabin lita ba daga baligi mai lafiya wanda nauyinsa ya kai kilo 50, bayan an auna ƙarfin jininsa. Ana gwada jinin a tabbatar ba ya ɗauke da cutar ƙanjamau da ciwon hanta kala biyu da tunjere kafin a saka wa kowa. Ruwan jikin yana dawowa cikin kwana ɗaya zuwa biyu, ƙwayoyin kuma cikin ’yan makonni, namiji yana iya sake bayarwa bayan wata uku. Ɗan acaɓan nan ya sha maltina ɗaya daga cikin waɗanda aka kawo wa yaron da ba ya iya haɗiyar ruwa, ya zauna minti goma sha biyar, ya hau babur ɗinsa ya koma neman fasinja. Mu da muke alfahari da cewa zumunta a ƙafa take, ranar nan ƙafafun sun zo, hannun da za a miƙa ne ya yi wuya. Inda dangi suka noƙe kuwa, a nan masu sayar da jini da ke raɓe a bakin manyan asibitoci suke samun kasuwa, kuma talaka ne ke biya.

Jihar nan ta ga ranar da wannan lissafi ya fi ƙarfin dangi. A daren 15 ga Oktoba 2024 tankar mai ta faɗi ta kama da wuta a Majiya, cikin ƙaramar hukumar Taura. Mutum fiye da 150 suka rasu, da yawansu matasa da yara, aka kwashi waɗanda suka ƙone zuwa asibitocin Ringim da Haɗeja, wasu aka wuce da su gaba. Jinyar ƙuna ba ta kwana uku ba ce, ta watanni ce, kullum wankin ciwo, kullum bandeji, kullum abinci mai kyau. Manyan baƙi sun zo jaje a makon farko da jerin motoci. Amma duk wanda ya taɓa jinyar ƙuna ya san a wata na biyu ake gane su wa mutum yake da su.

Uwar da ba ta zauna kusa ba

Sai a rana ta biyu na lura ban ga uwar yaron a bakin gadon ba. Tana can ƙarshen baranda, goye da jaririyarta, ta juya wa ƙofar ɗakin baya tana wanke kwanuka da ruwan buta. Baƙon da bai san mu ba zai ce ba ta damu ba. Ɗan fari ne. A ƙauyukanmu har yau akwai matan da ba sa kiran sunan ɗan fari, ba sa ɗaukarsa a gaban surukai, ba sa nuna an taɓa musu zuciya a kansa. Alkunya ke nan, kuma ita ce ta sa Inna ta zama mai jinya. Mata masu dubiya suna shiga su gaida Inna, su yi mata sannu da ɗawainiya, su fito su wuce uwar da “sannu” ɗaya, kamar ita ma dubiya ta zo.

Inna ce ta ba ni labarin daren farko. Likita yana tambayar yaushe zazzaɓin ya fara, sau nawa ya yi amai, me aka ba shi, kakar ba ta da amsa, don ba a ɗakinta yake kwana ba. Sai aka kira uwar, wadda ta biyo su daga baya. Ta tsaya a bakin ƙofa, kanta a ƙasa, ta zayyano komai tiryan-tiryan, har da awar da ya yi fitsarin ƙarshe da launinsa. Da aka tambayi sunan yaron don a rubuta a kati, sai ta yi shiru ta dubi surukarta. Inna ce ta faɗa. Ina ganin kyan alkunya, ban kuma ce a yar da ita ba. Amma mace tana iya ƙonewa ƙurmus a cikinta ba wanda ya sani. Wata ƙanwar mahaifiyar matar ƙanina da ta zo daga Birnin Kudu ita ta gane wannan. Ba ta ko daɗe a ɗakin ba, ta fito ta kwance jaririyar daga bayan uwar ta goya, ta ce, “’Yar nan, tashi ki shiga ki zauna da shi, ba kowa yanzu.” Daga inda nake tsaye na hango ta ta taga, ta ɗora tafin hannunta a kan ƙafarsa, ba ta ce komai ba, har aka kira magariba.

Mai dubiya yana ganin asibiti da rana ne, shi kuwa ciwo da dare yake aikinsa. Ma’aikaciyar jinya ɗaya ko biyu ga ɗaki guda cike da yara ba za su iya tsare kowane gado ba, don haka rabin aikin a hannun mai jinya yake. Ita ce mai lura ko ruwan ya tsaya ko ya ƙare, ita ce mai goge jiki da tsumma in zafi ya hau, mai juya yaro, mai zubar da fo, mai rugawa ta kira nas in jijjiga ta dawo. Namiji kuma shi ne ɗan aike: ɗakin gwaji, wurin biyan kuɗi, kantin magani na waje in babu a ciki, ya dawo ya kwanta a barandar masallaci da waya a ƙirji. Inna ta haura shekara 60. A dare na uku ta yi gyangyaɗi har ta buga goshi a ƙarfen gado. Cikin duk waɗanda suka zo, mutum biyu ne kacal suka ce mata ta je ta kwanta su karɓe ta.

Kuɗi kuma ba sa jiran gari ya waye. A takarda, Jigawa tana cikin jihohin da suka daɗe da shelanta magani kyauta ga mata masu juna biyu da yara ’yan ƙasa da shekara 5, tun zamanin Gwamna Sule Lamido, lokacin da aka kafa tsarin kula da lafiya na Gunduma a 2007. Akwai hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, JICHMA, akwai kuma asusun kula da lafiya a matakin farko da dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta tanada. Waɗannan suna rage nauyi ga wanda ya dace da su, kuma mu ma an rage mana. Amma a Nijeriya fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun mutane yake fita kai tsaye. Ko an yafe maka kuɗin gado, ba a yafe maka man babur ba, wanda ya ninka tun da aka cire tallafi a Mayun 2023. Ba a yafe abincin mutum uku sau uku a rana ba, da sabulu, da ruwan leda, da maganin da aka rubuta aka ce a nemo a waje. A rana ta uku ƙanina ya yi waya gida aka kai tunkiyar matarsa kasuwar Shuwarin. Dillalai kuwa suna gane dabbar da asibiti ya koro.

A nan ne al’adar cusa kuɗi a ƙarƙashin filo take da hikima, don ba ta kunyata kowa. Gyaran da zan yi mata ɗaya ne: a ba wanda ke zirga-zirgar sayen magani, kuma a ba shi da wuri. Mutumin da ke tsaye gaban mai kanti ƙarfe ɗaya na dare ba ya cin ayaba. A masarautar Dutse, wadda ta haɗa Dutse da Kiyawa da Birnin Kudu da Gwaram da Buji da Jahun da Miga, marigayi Sarki Nuhu Muhammad Sanusi ya yi suna wajen tsara tattara zakka da rabonta ta hannun kwamitoci har zuwa gundumomi. Wanda ya san hanyar irin waɗannan ƙofofi, ko ta ofishin jin daɗin marasa lafiya da ke manyan asibitoci, ya kama hannun baƙauye ya kai shi, ya yi masa abin da kula goma ba za ta yi ba. Haka wanda ke da mota. In ciwo ya fi ƙarfin asibitin gari, sai a ce Asibitin Koyarwa na Rasheed Shekoni a nan Dutse, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Birnin Kudu, in ya wuce nan sai Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, tafiyar fiye da kilomita 100 ta Wudil. Yara da yawa a kan wannan kalma ta “an tura ku” ake juyawa da su gida.

Masu shawara

Kowane mai dubiya likita ne. Cikin kwana huɗu na ji an ce shawara ce, an ce iska ce, an ce mayu ne, an ce belu ne a kai wa wanzami, an ce tunda har an kwana uku bai farfaɗo ba ai ba na asibiti ba ne, a ɗauke shi a koma gida. Wannan ta ƙarshen ita ce mai kisa, kuma da murya mai taushi ake faɗinta, daga bakin mutumin da ake jin kunyar musa masa. Uban da bai yi barci ba, kuɗinsa sun ƙare, yana jin dattijon gidansu ya faɗi haka, sai ya fara naɗe tabarma. Ƙanina ya kusa. Abin da ya tsayar da shi Inna ce, da ta ce ita ba inda za ta sai an cire wannan robar da hannun wanda ya saka ta.

Wani malamin ƙauyensu ya zo da rubutu a ’yar jarka. Na zaci za a yi rigima, sai na ga ma’aikaciyar jinyar ta fi ni sanin mutanenta. Ta gaishe shi da girmamawa, ta ce Malam a yi masa tofi, a shafa masa a goshi, amma kada a ɗura masa ko ɗigo, don yaron da ba ya cikin hayyacinsa ba ya iya haɗiya, abin da aka zuba masa huhu yake tafiya. Malam ya ce haka ne, ya yi addu’arsa, ya shafa, har yarinyar gadon kusa ya yi wa. Haka ta ce game da cokalin da ake cusa wa mai jijjiga a baki: a bari, a kwantar da shi a gefensa kawai. Addini ya sanya duba mara lafiya cikin haƙƙoƙin Musulmi a kan ɗan’uwansa, malamai kuma sun daɗe suna karantar da ladubbansa, ciki har da taƙaita zama da faɗin abin da zai ƙarfafa zuciya. Mun riƙe wajibcin da kyau. Ladubban ne muke barowa a gida.

Shi ma mai gadin da muke jin haushi yana da hujja. Ɗakin yara ba zauren suna ba ne. Yaron da tamowa ta cinye, tarin da babba ke yawo da shi bai ko damu ba yana iya kayar da shi. Ta wancan ɓangaren kuma, mai dubiya yana iya ɗaukar abin da bai zo da shi ba. Mashaƙo ya yi ɓarna a Kano da maƙwabtanta a 2023. Tsakanin Oktoban 2023 da Maris na 2024 sanƙarau ya kashe mutum 153 a jihohi bakwai, Jigawa na ciki, har Nijeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da sabuwar allurar rigakafin da ke kare nau’i biyar na cutar. A Jahun, inda ƙungiyar likitoci ta MSF take aiki da babban asibitin garin tun 2008 a ɓangaren haihuwa, akwai ɗakin jarirai sababbin haihuwa, waɗanda wasunsu ba su kai nauyin mudun gero ba. Irin wannan ɗaki ba a shigarsa da tawaga. Duk da haka sai ka ga mace ta zo dubiya da goyo da wani a hannu, ta zaunar da su a kan gadon mara lafiya.

Sai kuma waya. Wani ɗan’uwanmu ya ɗaga tasa zai ɗauki yaron, da bututu a hanci, ba riga, wai zai saka a zauren WhatsApp na dangi a yi addu’a. Ba na musun amfanin abin. A Kano, marubuciya Fauziyya D. Sulaiman ta shahara da tara wa marasa lafiya taimako ta Facebook, kuma rayuka sun tsira ta wannan hanya. Amma wannan da yardar iyaye ake yi, don wata buƙata takamaimai. Hoton da aka ɗauka don kawai a ce an je, yana nan yana yawo bayan yaro ya warke ya girma, ko bayan an binne shi, uwarsa ta buɗe waya ta ci karo da shi. Addu’a ba ta buƙatar hoto. Na dafa hannunsa, ya mayar da wayar aljihu yana ƙunƙuni.

Daga rana ta biyar ƙafa ta ɗauke. Kulolin da Inna take rasa inda za ta ajiye suka koma ɗaya, daga gidan wata ’yar’uwa a Takur wadda ba ta taɓa fashi ba, safe da yamma, ɗanta ne ke kawowa a keke. A can ƙauye kuwa gero ya isa yanka, tsuntsaye sun sauka. Sauran mutanen majalisar ƙanina, waɗanda aka yi ta ƙorafin ba su leƙo asibiti ba, ashe gayya suka haɗa suka yanke masa gonar. Maƙwabciyarsu ta kwashe awakinsu ta haɗa da nata. Ba wanda zai rubuta sunansu cikin waɗanda suka zo dubiya.

Duk tsawon kwanakin nan matar gadon kusa ba ta yi baƙo ko ɗaya ba. Daga wajen Miga take, mijinta ya tafi ci-rani kudu, wayarsa ba ta shiga. Ana ba ’yarta madarar nan ta musamman ta masu tamowa, kaɗan-kaɗan a kofi, kowane ’yan awanni, dare da rana, ita kaɗai. Ba ta taɓa roƙon kowa ba. Tun rana ta biyu Inna ta daina tambayarta ko za ta ci, sai dai ta zuba a murfin kula ta tura mata da ƙafa, tana kallon wani wajen. Da dare suna raba tabarma, ɗaya ta kwanta ɗaya ta tsare gadaje biyu. Lemon da muka tara, rabinsa can ya tafi. Ban taɓa jin sun tambayi sunan juna ba. Inna tana ce mata “’yar Miga”, ita kuma tana cewa “Baba”.

Yaronmu ya buɗe ido sosai a rana ta shida. A ta bakwai ya fizge bututun da kansa, ya ce ƙosai yake so, Inna ta ce ja’iri, ka tashi ke nan. Tafin hannun ya fara ja-ja. Aka ce in ya kwana lafiya gobe sallama, a ci gaba da ƙwayoyi na kwana uku a gida, a dawo a sake auna jini, a kuma riƙa kwana cikin gidan sauro.

Na zo da safe a rana ta takwas da motar aro don in kai su gida. Uwar tana ɗaure kaya a baranda, yaron yana zaune a cinyar ubansa yana wasa da makullin babur. Na shiga in ɗauko Inna. A gadon kusa wani yaro ne daban, babba, da uwarsa da wasu mata biyu a kansa. Inna tana zaune a kan siminti, ta shimfiɗa gefen zanenta.

“Inna, ina ’yar Miga?”

“Sun tafi bayan asuba.”

Na dubi ƙasa, na dubi ƙullin kayanta: buta, fulas, kula, bargo.

“Ina tabarmarki?”

Ta miƙo mini hannu in tashe ta. “Ba a ɗaukar yaro a zane kawai, Malam. Ɗauki fulas ɗin nan mu je, rana tana yi.”